Ciwon Ƙanwata Muka Kira Kunya

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa mazauna wannan zaure. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma shawara nake nema ba ban haƙuri ba, don yadda zuciyata take tafasa yau duk wanda ya ce mini "ki yi haƙuri" ban san abin da zan mayar masa ba. Haƙurin ne da kama baki suka kawo ni inda nake. Labarin yana da tsawo, sai na koma baya sosai kafin ku gane abin da ke faruwa a cikin gidana yanzu.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Bunguɗu, mu biyar ne mata a wurin iyayenmu, ni ce babba. Aure ya kawo ni Gusau, unguwar Tudun Wada, maigidana ma'aikacin gwamnati ne, cikin waɗanda aka dawo da su daga Sakkwato lokacin da aka ba mu jiha. Mai bi mini, zan kira ta Rabi, a Tsafe ta yi aure, kuma auren so ne ba wanda ya tilasta mata. Rabi irin yaran nan ce masu baki, in tana gida ba ka jin muryar kowa sai tata, ga dariya ga tsokana. Ba a daɗe da samun jiha ba ta yi ciki, aka kawo ta ƙauye goyon ciki yadda ake yi wa kowace mai cikin fari, Allah ya sauke ta lafiya ta haifi tagwaye, Hassan da Usaina. Ni lokacin shekarata biyar da aure ko ɓari ban taɓa yi ba, sai na tattara na tafi gida in taya Innarmu aikin jego, don 'yan biyu ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Tun kafin suna Rabi ta fara canzawa, bayan suna kuwa abin ya fito fili ga mai ido, mu ne dai ba mu da idon. Ta daina magana. In an miƙa mata yaro ta ba shi nono sai ta juya fuskarta bango har ya gama, ko kallonsa ba ta yi. Ba ta barci, kunun kanwa sai an yi da gaske take kurɓa biyu. In an hura wutar ruwan wanka sai ta zauna ta ƙura wa garwar ido, rannan har ta tambaye ni wai wa za a dafa a ciki. Kun san me na yi? Dariya na yi, na ce ke za a dafa mana, mai jego. To kun san al'adarmu, ɗan fari ba a kallonsa a gaban mutane, ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa, uwa ta nuna kamar ba nata ba ne. Sai matan gari suka mayar da Rabi abin misali. Duk wadda ta shigo barka sai ta fita tana cewa kun ga ɗiyar gidan mutunci, wannan ita ce kunya ba irin ta 'yan zamani masu rungume ɗa a gaban surukai ba. Inna kuwa baki har kunne, wai tarbiyyarta ce ake yabo.

Mutum ɗaya ce ta ga gaskiya. Akwai maƙwabciyata a Tudun Wada, nas ce, Kirista daga Filato, Madam muke ce mata. Ta biyo mota takanas ta zo mana barka da sabulu da hoda. Ba ta yi rabin awa a ɗakin Rabi ba ta fito ta ja ni bayan rumbu, ta ce mini wannan ba kunya ba ce, ciwo ne da ke kama ƙwaƙwalwar wasu mata bayan haihuwa, an san shi a asibiti kuma yana da magani, mu kawo ta Gusau yau ba gobe ba, kuma kada mu kuskura mu bar ta ita kaɗai da yaran. Na kai wa Inna maganar, Inna ta ce ina ruwan baƙuwa da al'adar da ba ta sani ba, su da suke sumbatar 'ya'yansu a kan titi ina za su gane kunya. Na kai wa Baba, ya ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, sanyi ya shige ta wa zai ɗauki alhaki, in ma iska ce ga rubutu ga turare. Ni kuma shashasha, ni da nake zaune a birni, ni da na yi firamare, na bi bayansu har ina kwaikwayon Hausar Madam muna dariya. Wallahi duk lokacin da na tuna dariyar nan ji nake kamar in shaƙe kaina.

Ranar kwana goma sha tara da haihuwa, da hantsi, ni da Inna muna jigilar ruwan zafi zuwa makewayi, Usaina tana goye a bayan wata ƙanwarmu, Hassan yana kwance a ɗaki kusa da uwarsa. Ba wanda ya ga fitarta ta ƙofar baya, inda rijiyar lambunmu take. Sai ganinta muka yi ta dawo hannu rabbana ta zauna a bakin ƙofa tana murmushi, murmushin da rabonmu da shi tun ranar haihuwa. Ta ce wa Inna ta kai shi wuri mai sanyi inda wuta ba za ta same shi ba, a ba ta Usaina ita ma ta kai ta. Sauran ba zan iya rubutawa ba, ku dai ku sani an fito da shi babu rai.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na tuna nake jin ɗaci a bakina. Matan nan, su ɗin dai da suka cika mu da yabon kunya, su ne suka cika ƙofar gida suna azzaluma, mayya, wadda ta ci ɗanta. Mai unguwa ya aika aka kira 'yan sanda, suka jefa ta bayan mota da zanen jego a jikinta, nono yana jiƙa mata riga. A caji ofis tana ta maganar wuta da garwa, wanda ke rubuta bayanin ya ce haukan ƙarya ne, sun saba ganin irinsa. Ya rubuta abin da ya rubuta da Turanci, ya kama yatsanta ya dangwala. Ba wanda ya ce a kira likita, ko da na duba jinin haihuwa ne. Daga nan aka wuce da ita gidan yari a Gusau jiran shari'a. Mijinta, mai son nan nata, ko sati ba a yi ba ya aiko da takardar saki, danginsa kuma suka ce ba sa son Usaina tunda nonon mai kisa ta sha. Ni na ɗauke ta na taho da ita Tudun Wada, da madarar gwangwani na raine ta, Madam ce ma ta koya mini yadda ake dafa bulumboti.

Kusan shekara biyu Rabi tana jiran a yi mata shari'a. Yau a ce fayil bai iso ba, gobe a ce motar fursuna ba mai, lokacin ana wahalar man fetur, jibi a ce an yi wa alƙali canjin wurin aiki sai an sake daga farko. Haka muka yi ta zarya. Ni kaɗai ke zuwa duba ta, ina kai mata sabulu da garin kunu. Kamar wata huɗu da shigarta hankalinta ya dawo da kansa, ba magani ba komai. Ranar na je aka fito da ita, ta rame kamar ba ita ba, ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ina 'yan biyuna, wa ke ba su nono?" Ta daɗe tana kallon fuskata, sannan ta ce ashe ba mafarki ba ne, ta sulale ƙasa. Wata gandiroba dattijuwa ta raka ni ƙofa tana cewa ita tun ranar farko ta faɗa wa manyanta wannan asibiti take buƙata ba kurkuku ba, aka ce mata ba aikinta ba ne.

Da aka zo fara shari'ar aka ba ta lauyan gwamnati na kyauta, wani saurayi, a barandar kotu ya fara ganinmu, fayil ɗin ma a nan ya buɗe shi. Amma ba zan zalunce shi ba, ya yi tambayar da ta kamata. Ya ce shin kafin abin ya faru mun ga alamar taɓin hankali a tare da ita? Ya ce in har za mu tsaya mu faɗa, zai roƙi alƙali a kai ta likita ya duba ta, don doka ba ta hukunta wanda ba ya cikin hayyacinsa yadda take hukunta mai hankali. Wato ƙofa ce Allah ya buɗe mana. Muna komawa gida Baba ya tara mu ya rufe ta da hannunsa. Ya ce yana da 'yan mata uku a gida, ɗaya har an sa mata rana, in aka rubuta hauka a takardar gwamnati da sunan gidansa ba wanda zai ƙara neman aure a zuriyarsa. Ya ce kisa laifin mutum ɗaya ne, hauka kuwa na dangi ne. Na yi gardama, na yi kuka, ya ce in na ƙetare maganarsa bai yafe mini ba. Madam ta ce ita za ta zo kotu ta faɗi abin da ta gani, Baba ya aika mata da godiya ya ce ta fita daga sha'anin gidansa.

Ni aka kira shaida, tunda ni ce nake wurin. Aka sa na yi alwala na dafa Alƙur'ani. Aka tambaye ni ko na lura da wani abu da ba daidai ba a halinta kafin ranar. Na ce lafiyarta lau, kunyar ɗan fari ce kawai. Jama'a da bakina na faɗa, Rabi tana tsaye a cikin akwatin nan tana kallona. Mai gabatar da ƙara kuwa kamar jira yake, ya ɗauki ƙin kallon yaron da juya fuska bango da duk abin da aka yabe ta a kai, ya jera wa alƙali a matsayin shaidar cewa ta tsani ɗanta tun farko kuma da gangan ta yi. Alƙali ya ce ya duba ƙuruciyarta ya sassauta, ya yanke mata shekara goma sha huɗu, gab da sojoji za su miƙa mulki ke nan. Shi ma ina jin haushinsa har gobe, mutum mai ilimi, ka ga yarinya mai jegon kwana goma sha tara ta yi wannan abu ta dawo tana murmushi, kai ba za ka ce a kai ta likita ba ko da danginta sun yi ƙarya? Wata biyu bayan hukuncin aka yi bikin ƙanwarmu, har da makaɗa. Dukkansu uku sun yi aure, buƙatar Baba ta biya.

Rabi ta fito bayan ta yi shekara tara da wani abu, Baba ya rasu bai ga fitowarta ba. Ƙauye bai karɓe ta ba, sai wata gwaggonmu a Tsafe ta ba ta ɗaki, a nan take har yau tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ba ta sake aure ba. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini don me ba, da ma zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Usaina kuwa ta tashi ta san ni ce na haife ta, an ce mata Hassan ɗinta zazzaɓi ne ya kashe shi yana jariri. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba har yau, ita ke nan gare ni, a bakinta na san daɗin sunan Mama. Rabi a wurinta Inna Rabi ta Tsafe ce, wata ƙanwar uwa marar magana da ke aiko mata da ƙuli-ƙuli duk salla. Da Rabi ta fito na tambaye ta ko a faɗa wa yarinyar, ta ce a bar ta, gara ta tashi ɗiyar mutanen kirki.

To ga inda nake. Usaina ta yi karatu, malamar makaranta ce, ta yi aure ta samu ciki. Tana zuwa awo sai rannan ta kira ni a waya daga asibiti tana dariya, wai nas tana tambaya ko mahaifiyarta ta taɓa samun wata matsala ta ƙwaƙwalwa bayan haihuwa. Na ce ina, lafiya lau. Ƙarya ta biyu ke nan, ita ma ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Yau kwananta goma da haihuwar ɗa namiji, tana gidana wankan jego. Kwana huɗu ke nan ba ta runtsa ba. In an ba ta yaron sai ta kau da kai. Shekaranjiya na ɗora ruwan wanka a kan gas ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon wutar, ta ce in kashe, yana jin zafi. Yaron kuwa yana can ɗaki yana barci.

Ranar suna mata suka cika gida, sai na ji wata daga dangin mijinta tana cewa kai Usaina akwai kunya, 'yar boko amma ko kallon ɗan fari ba ta yi. Sauran suka ɗauka, madalla da tarbiyya. Inna tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, a wurina take zaune. Da mutane suka watse na same ta na ce Inna abin nan ya dawo. Ta ce in rufe mata baki, ina jawo wa yarinya mugun abu da bakina, in dangin miji suka ji akwai hauka a jininta sakinta za su sa a yi su ƙwace ɗan. Maganar Baba ce sak, ko wasali ba ta canza ba. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar, na ce mata an binne jika ɗaya an ɗaure ɗiya ɗaya saboda wannan maganar, bai isa ba? Tun daga nan ba ta amsa gaisuwata. Maigidana kuma cewa ya yi a kai ta asibiti amma kada a tono maganar Rabi, a ce dai rashin barci ne. Shi a ganinsa ya raba gardama.

Asibiti kam gobe da safe zan kai ta, ko Inna za ta tsine mini, wannan ba shi nake neman shawara a kai ba, kuma yaron a bayana yake wuni, ba na barinta da shi ita kaɗai. Madam ta yi ritaya ta koma garinsu, na nemo lambarta na kira ta ina kuka, ta ce in faɗa wa likita komai, don sanin abin da ya samu uwa yana taimaka musu su gane da wuri su san maganin da za su ba ta. To in na faɗa wa likita, na faɗa wa mijin Usaina ke nan, don shi zai kai mu, kuma ba ta yadda za a yi ita ba ta ji ba. A rana ɗaya za ta san ni ba uwarta ba ce, uwarta ita ce mai ƙuli-ƙulin Tsafe, Hassan ba zazzaɓi ya kashe shi ba, ni kuma da take kira Mama ni ce na dafa Alƙur'ani na sa aka ɗaure marar lafiya. Yarinyar da hankalinta ke rawa za ta iya ɗaukar wannan yanzu? Kuma ba zan ɓoye muku ba, ina tsoron ranar da za ta daina ce mini Mama, son kaina yana ciki.

Rabi ta zo suna daga Tsafe kuma ta ƙi komawa. Washegari ta fita kasuwa ta dawo da kwaɗo, ta rufe murfin rijiyar tsakar gidana ta ɗaura makullin a bakin zanenta. Duk mai son ruwa sai ya same ta ta buɗe ta tsaya a kai ta rufe. A kan murfin take wuni a zaune, fuskarta tana kallon ƙofar ɗakin Usaina. Ɗazu bayan la'asar na kai mata abinci, ta ɗago ta kalle ni irin kallon da ta yi mini daga cikin akwatin kotu, ta ce, "Yaya, ni na yi zaman nawa na gama. In kika sake cewa kunya ce, wannan karon ni zan ba da shaida."

'Yan uwa ku faɗa mini. In ja likita gefe in gaya masa shi kaɗai in roƙe shi ya rufa mana asiri har ta warke, ko in zaunar da mijinta tun kafin mu fita, ko in bar Rabi ta shiga motar ta faɗa da bakinta tunda ɗiyarta ce? Masu aikin asibiti a cikinku, jin wannan labari yanzu zai ƙara mata ciwon ko kuwa? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara, don gobe da safe likita zai yi mini tambayar da aka yi mini a gaban alƙali, kuma Usaina za ta kasance a zaune kusa da ni tana ji.